Safar Tace Ruwa Ba Ta Cinye Datti

Da yawa cikin masu ajiye kifi a tankin gilashi suna ɗauka muddin safar tace ruwa, wato jakar yadi da ake ratayawa a tankin ƙasa (wanda ke ƙarƙashin na kifin, inda ruwa ke gangarawa a tace shi), tana tare datti, to ruwa na nan tsaf. Ba haka ba ne. Safar tarewa kawai take yi. Kashin kifi da ragowar abinci suna nan maƙale, ruwa na ratsa su dare da rana, suna ruɓewa, naitiret (sinadarin da ruɓewar ke haifarwa a ruwa) na hawa, gansakuka ta mamaye gilashi. Wanda ya jira sai ta toshe ruwa ya fara malala ta bakinta, ya makara. A riƙa cirewa bayan kwana 2 ko 3.

Ba sai an jefar ba. A juya cikinta waje, a watsa mata ruwa mai ƙarfi, a jiƙa ta cikin ruwa da ɗan bilic marar ƙamshi. Omo da sabulu kam a nisance su, don suna lafewa cikin zaren, su cutar da kifin. A ɗauraye sau da dama, a shanya ta bushe ƙayau, har hanci ya daina jin warin bilic. Safa 3 ko 4 sun isa a riƙa musanyawa.