Hagu Ko Dama: Kalma Ɗaya Ta Isa Ta Kai Jirgi Kan Dutse

A daren 16 ga Disamba, 2016, jirgin kamfanin EVA Air na Taiwan, ƙirar Boeing 777, ya tashi daga Los Angeles zuwa Taipei. Bisa al'ada jirage daga wannan filin suna tashi ne ta yamma, su bi saman teku, amma a wannan dare yanayin iska ya sa aka juya su gabas. Jami'ar da ke kula da zirga-zirgar jirage ta umarci matuƙan su juya hagu su fuskanci digiri 180, wato kudu. Wanda ya fuskanci gabas, kudu tana hannunsa na dama. Juyin hagu sai ya bi da shi ta arewa, inda tsaunukan San Gabriel suke. Matuƙan suka bi umarnin, jirgin kuma ya wuce dab da tsaunin Wilson da dogayen ƙarafan watsa shirye-shiryen da ke kansa. Allah ya kiyaye. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta ɗora alhakin a kan wannan umarni na juyawa hagu maimakon dama.

Na kawo wannan ne domin akwai wata fahimta da ta yi kaka-gida, cewa duk lokacin da aka sami rashin jituwa tsakanin matuƙi da hasumiyar da ke ba jirage umarni, matuƙin ne bai iya Turanci ba. Wani lokaci haka ne. A 12 ga Nuwamba, 1996, jirgin Saudiyya da ya tashi daga Delhi ya yi karo a sama da na Kazakistan kusa da garin Charkhi Dadri a Indiya, mutum 349 suka rasu. An ba jirgin Kazakistan tsayin ƙafa 15,000, ya sauko ƙasa da haka, masu bincike kuma sun ambaci raunin Turancin ma'aikatansa. Irin wannan ne ya sa hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta wajabta wa matuƙa da jami'an hasumiya kaiwa aƙalla mataki na 4 a gwajin harshen, daga 2008.

Amma a Los Angeles wadda ta yi kuskuren Ba'amurkiya ce, cikin harshen da take aiki da shi kullum. Da abin ya rikice kuma, sai ta bar tsararrun kalmomin aiki ta koma maimaita musu cewa su nufi kudu yanzu-yanzu. Mutumin da ke tuƙa jirgi cikin duhu da ruwan sama, yana hawa, yana kula da gudu da tsayi a lokaci guda, lamba yake buƙata da gefen da zai juya. Jarrabawar harshe ba ta maganin wannan.

A ganina, matuƙan ma suna da nasu kason. Dokar aiki ita ce matuƙi ya maimaita umarnin da aka ba shi, jami'i ya saurara ya gyara idan an ji ba daidai ba. Wannan tsari yana kama kuskuren ji, ba ya kama kuskuren faɗi. Idan jami'i ya ce hagu, matuƙi ya maimaita hagu, kowa ya gamsu, jirgi kuwa yana nufar dutse. Abin da ya rage shi ne matuƙi ya duba taswirarsa ya ce a tabbatar masa. Tambaya ce ta daƙiƙa biyu, amma cunkoson rediyo da nauyin musa wa mai umarni suna hana mutane yin ta.

Mu ma abin ya taɓa mu. Kwana biyar kafin haɗarin Indiya, a 7 ga Nuwamba, 1996, jirgin kamfanin ADC na Najeriya daga Fatakwal ya faɗi a Ejirin kusa da Legas, mutum 144 suka rasu. Jami'in da ke kula da shi ya ɗauka ya riga ya ba shi izinin saukowa ƙasa, alhali bai ba shi ba, har jirgin ya kusa haɗuwa da wani jirgi da ya taso daga Legas. Wajen kauce masa ne jirgin ya ƙwace wa matuƙin.

Saboda haka ina ganin gyaran ya fara daga ɗakin horo. Kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya tana horar da matuƙa da jami'an hasumiya a harabar guda, dama ce da ba kowace ƙasa ke da ita ba. A riƙa haɗa su a atisaye, a ba ɗalibin tuƙi umarnin kuskure da gangan a ga ko zai tambaya, a kuma auna ɗalibin hasumiya kan yadda yake karɓar tambayar. Hukumar kula da sararin samaniyar Najeriya, NAMA, kuma ya kamata ta tabbata tana da isassun jami'ai, domin wanda ya kwana a gaban na'ura ba hutu, komai ƙwarewarsa, wata rana zai ce hagu yana nufin dama.