Wa ke kiɗa, hannu ko kwamfuta?

Tun da na zo Barlin nake ganin makaɗa iri biyu a gidajen rawa. Akwai wanda zai laɓe bayan kwamfuta, hasken allo a fuska, yatsa ɗaya a kan linzami, ka rasa kiɗa yake yi ko wasiƙar ofis yake amsawa. Akwai kuma wanda zai baje na'urori a tebur, hannu biyu suna kai-komo tsakanin maɓallai da abin murɗawa. Ni dai na biyun nake tsayawa kallo.

Da farko na ɗauka na'urorin ne ke fitar da sautin. Ashe da yawansu bebaye ne. Launchpad, wani allo mai maɓallai 64 da ya fito a 2009, lambobi kawai yake aika wa kwamfuta ta hanyar MIDI, yaren da na'urorin kiɗa ke magana da shi tun 1983. Ka danna, ya aika lamba tsakanin 0 da 127, manhaja irin Ableton Live, wadda a garin nan aka ƙirƙira ta a 2001, ta mayar da ita sauti. Wato shi ma mai maɓallan, kwamfutarsa na nan a gefe.

To ina bambancin? Linzami abu ɗaya yake taɓawa a lokaci guda. Mai maɓallai kuwa zai iya ɗauke bugun ganga da hagu, dama na buɗe sauti a hankali, idonsa a kan masu rawa. Ya ja musu rai, sai ya ga sun ƙagu ya sako bugun, ɗakin ya ɗauki ihu. Idan ya makara da daƙiƙa ɗaya kowa zai ji, kuma wallahi wannan kasadar ce ke kawo ni wurin. Makaɗi Jeff Mills na Detroit ya daɗe yana haka da TR-909, wata na'urar bugun ganga, ita kam da kanta take fitar da sauti.

Sai dai akwai 'yan burga. Na taɓa tsayawa kusa da wani, fitilu na ƙyalli, yana murɗe-murɗe har da gumi, kunnena bai ji komai ya canza ba. Ya ɗauki ruwa ya sha, kiɗan ya sauya da kansa daidai wurin da ya kamata. Daga ranar, duk wanda ya hau tebur, lokacin da zai ɗaga hannu nake jira.