Ƙungiyar Matasa Manoma: A Ba Kowa Aikinsa Kafin a Nemi Gonar Taro

Duk inda aka tara matasan karkara aka ce za a kafa musu ƙungiyar noma, abin da ake fara nema shi ne fili. A ari eka biyu ko uku, a raɗa mata suna gonar ƙungiya ko gonar taro, a sa ranar aiki. Ranar shuka mutum talatin za ka gani. Ranar noman firi sun koma rabi. Kafin a kai ga maimai, sai shugaba da mutum uku da kunya ta hana su gudu. Ranar girbi kuwa talatin ɗin nan cif za su dawo, kowa da buhunsa, daga nan sai rigimar rabo. A kan ce lalacin yaran zamani ne. Mu kuwa a ganinmu ginin ne aka ɗora a karkace, domin wanda ya yi gumi da wanda ya yi barci rabonsu ɗaya, kuma ko ƙaramin yaro ya iya wannan lissafin.

Ƙungiyoyin da suka daɗe a duniya ta wata ƙofar suka shiga. A 1902 A. B. Graham ya tara yara a jihar Ohio ta Amurka suna gwajin shuka da na ƙasar noma. A shekarun da suka biyo baya ƙungiyoyin masara suka yaɗu, kowane yaro da eka ɗaya tasa. Daga 1910 'yan mata suka samu ƙungiyoyin tumatir, kowace da kashi ɗaya cikin goma na eka, ta shuka, ta adana a gwangwani, ta sayar. Daga nan 4-H, ƙungiyar matasa manoma ta Amurka, ta tsiro, dokar 1914 da ta kafa aikin malaman gona a faɗin ƙasar kuma ta ba ta jingina. A Ingila, ƙungiyar farko a ƙauyen Hemyock aka kafa ta a 1921, inda wani kamfanin madara ya ɗora wa 'ya'yan masu kawo masa madara renon maruƙa, da gasa da kyauta. Duk a wuri ɗaya suka haɗu: aikin na mutum ne, ƙungiya wurin koyo ce da gwada wa juna.

To amma ba da aiki ga yaro sai an auna. Fili mai mita 10 tsawo da 10 faɗi ya ishi ɗan shekara goma sha biyu. Idan masara ce, a tazarar santimita 75 tsakanin kunya da kunya da 25 tsakanin rami da rami, zai ɗauki tushe kusan 530, wanda yaro zai iya nomewa bayan makaranta. Kiwo ya fi yaudara. Matashi zai zuba duk jarinsa a sayen 'yan tsaki 25 na kajin nama, ya manta cewa kowace za ta ci abinci kilo huɗu zuwa biyar kafin ta kai sayarwa, wato kilo 100 zuwa 125 gaba ɗaya, kuma mafi yawan cin a makonnin ƙarshe yake. A mako na huɗu kuɗi ya ƙare, kaji su tsaya da girma, a sayar da su a faɗuwa. Shi ya sa bai kamata ƙungiya ta amince da wani aiki ba sai mai shi ya rubuta kasafinsa tun daga rana ta farko har ranar sayarwa, har da rigakafin cututtuka irin su Newcastle da Gumboro. A kuma duba haƙurin mai aikin: zomo kwana 31 yake ɗaukar ciki, akuya wata biyar, kazar ƙwai sai ta kusa mako 20 kafin ta fara saka. Wanda ke shekararsa ta farko a ba shi abin da zai ga ƙarshensa da wuri.

Kowane memba ya riƙe littafi, ko da na makaranta ne mai shafi arba'in: kwanan wata, abin da aka yi, abin da aka kashe, sa'o'in aiki, abin da ya mutu, abin da aka girbe. Wannan shi ne ɓangaren da matasa suka fi ƙi, kuma shi ya fi komai amfani. Idan za a yi gasa a ƙarshen shekara, a haɗa da littafin wajen ba da maki. In ba haka ba, wanda mahaifinsa ya fi taki shi zai riƙa lashewa kullum, sauran su watse.

Akwai magana mai nauyi da ake kauce mata: amfanin na wane ne? Matashi ba shi da fili, na iyayensa ne. Idan ya yi wahalar wata huɗu aka kwashe amfanin aka zuba a rumbun gida, badi ba za a gan shi ba. Kafin shuka a zauna da uba ko mai riƙonsa, a rubuta yarjejeniya ta layi biyar: girman filin, tsawon aron, wa zai ba da iri da taki, da kuma rabon kowa. Haka ma wanda aka aro wa fili a waje, domin ba abin mamaki ba ne mai fili ya karɓe kayansa da zarar ya ga ƙasa ta sha taki.

Sai tafiyar da ƙungiyar kanta. Mutum 15 zuwa 25 sun isa. In sun wuce haka a raba biyu, musamman idan akwai ɗan shekara goma da ɗan ashirin a zama ɗaya, don babban zai cinye maganar. Shugaba, mataimaki, magatakarda da ma'aji duka daga cikin matasan za a zaɓa, wa'adin shekara ɗaya. Babban mutum yana nan a matsayin mai ba da shawara, malamin gona kuma yana kawo ilimin aikin, amma ba ɗayansu da zai riƙe kuɗi ko ya jagoranci taro. Wannan yana da wuya ga manya, domin yaro zai yi tuntuɓe a gabansu, harshe na ƙaiƙayi. Su daure. Kuɗi kuwa kada ya fita sai da sa hannun mutum biyu, ma'aji ya karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a kowane zama, ko da ba abin da ya motsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagewar kuma yawanci daga wata uku na shirun ma'aji take farawa.

Taron wata-wata kada ya wuce awa ɗaya da rabi. Minti ashirin na harkokin ƙungiya, sai darasi na hannu, sai wasa. Darasin memba ne zai gabatar: ya jera ƙwayar iri 100 a jiƙaƙƙen tsumma mako guda kafin taro, ya buɗe a gaban jama'a a ƙirga nawa suka tsiro. A riƙa zagaya taron gida-gida don a ga aikin kowa da ido, a kuma sa shi da rana, in ba haka ba iyaye ba za su bar 'yan mata su zo ba. Kalandar shekara a tsara ta da la'akari da jarrabawa da lokacin da gida ke bukatar hannun yaro. Feshin maganin ƙwari kuwa ba aikin wanda bai kai shekara 18 ba ne, ko da ya nace.

Masu kare gonar taro suna da hujja guda mai ƙarfi: yaron da gidansu ba fili fa? Amsar ita ce a yanka filin da aka aro kashi-kashi, a buga turaku, kowa ya san iyakarsa. A bar ƙaramin yanki ɗaya na kowa da kowa a matsayin aji: a raba shi biyu, a sauya abu ɗaya tak, misali tazarar shuka, a bar iri da taki da ranar shuka iri ɗaya. In aka sauya abu uku a lokaci guda, ba wanda zai san wanne ya kawo bambancin.

Idan tallafi ya zo, gara ya zo a kaya kuma a matsayin rance: a ba mutum akuya, ya miƙa 'yar farko ga na gaba a layi. Sai dai a rubuta tun farko abin da za a yi idan dabbar ta mutu, wa zai duba ko sakaci ne, da wa'adin biya. Ƙungiyar da aka kafa saboda an ji ƙanshin tallafi kuwa ba ta wuce ranar rabo.

Abin da ke kashe har ƙungiya mai kyau shi ne shekaru. Waɗanda suka kafa ta tsara ɗaya ne, tare za su yi aure ko su tafi birni. Dole kowace shekara a ɗauki sababbi daga ƙasa, a ba mai shekara biyu a ciki ƙaramin muƙami, kuma zaɓe ya zo wata biyu kafin a miƙa littattafai, don sabon ma'aji ya zauna kusa da tsohon ya ga yadda ake rufe lissafi.