Gwangwanin ƙusa da gumin kakanni

Kakana, Allah ya jiƙansa, yana da wani tsohon gwangwani da yake tara ƙusoshi a ciki. Babu sabuwa ko ɗaya. Duk ƙusar da ya zare daga ruɓaɓɓen katako, ko ya tsinta a hanya ta lanƙwashe, sai ya ɗora ta kan dutse ya dinga bubbuga ta da guduma a hankali, yana mirgina ta da yatsa, har ta miƙe sak, sannan ya jefa ta cikin gwangwanin. Ina yaro na taɓa ce masa, "Kaka, wannan ai ta mutu, me za ka yi da ita?" Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Ɗan nan, ƙarfe ba ya mutuwa, sai dai mai shi ya gaji." Ƙofar da ya kafa da waɗannan ƙusoshin har yau tana buɗuwa tana rufuwa, shi kuwa ya daɗe a ƙasa.

Duk inda aka zauna aka ɗauko zancen kakanni, kusan magana ɗaya ake ji. Sun riga alfijir tashi, ba su san hutu ba, ba su iya ƙorafi ba, kuma da hannu biyu suka ciyar da gida cike da mutane. Gaskiya ne, ni ma shaida ne. Tafin hannun kakana duk kanta ne, idan ya riƙe hannuna sai in ji kamar ɓawon itace na kama. Abin da ke damuna shi ne inda zancen yake ƙarewa. Da wuya a tashi daga irin wannan hira ba a mayar da gumin tsofaffi bulalar dukan matasa ba: yaran yanzu cima-zaune ne, ba sa son wahala, sai danna waya. A ganina wannan bai yi wa kakannin adalci ba, balle yaran, domin ya ɗauki wahalar da suka sha ya ce ita ce gadon.

Mu duba duniyar da suka yi aikin a cikinta. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa a 1950 matsakaicin tsawon ran da ake sa wa jariri a duniya bai wuce shekara 46 ba, yanzu kuwa ya kai kimanin 73. A wancan lokaci fiye da yaro ɗaya cikin biyar ba ya kai shekara biyar, yau abin ya sauko ƙasa da huɗu cikin ɗari. Cutar agana, wadda ta bar zane a fuskokin tsofaffi da yawa, sai a 1980 aka tabbatar da kawar da ita. Kimanin kashi 70 cikin ɗari na mutanen duniya a karkara suke a 1950, kuma mafi yawansu ƙarfin ƙashi ne jarinsu. Fansho kuwa, ko a Jamus da ta fara tsarinsa a 1889 zamanin shugaban gwamnatinta Bismarck, sai mutum ya kai shekara 70 ake ba shi, shekarun da ma'aikata ƙalilan ne suke gani. Ga akasarin talakawan duniya ma babu shi sam. Mutum yana aiki ne har ranar da gwiwa ta ƙi.

Wanda ya tashi a irin wannan hali bai zaɓi wahala don yana ƙaunarta ba. Na tuna yadda kakana yake miƙewa daga zaune a ƙarshen rayuwarsa, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya a jikin bango, yana cije leɓe don kada mu ji nishinsa. Wannan bayan nasa da ya ranƙwafa farashi ne aka biya. Kuma ban taɓa jin ya yi wa ɗayanmu fatan irinsa ba. Abin da yake yawan faɗa mana shi ne mu riƙe karatu, don kada mu ƙare inda ya ƙare. Wanda ya ce matashi ya koma ya sha irin waccan wuya kafin a kira shi namiji, ya saɓa wa burin mutumin da yake ikirarin yabo.

Akwai ma wani abin da ake mantawa. Kakannin wasu ne suka fito titi suka yi yaƙi da aikin da ba shi da iyaka. Ranar ma'aikata da ake hutu a cikinta duk 1 ga Mayu ta samo asali ne daga yajin aikin da aka yi a Amurka a 1886, musamman a birnin Shikago, don neman a tsayar da aiki a awa takwas. Da aka kafa Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 1919, yarjejeniyarta ta farko a kan wannan batu ce: awa 8 a rana, 48 a mako ga ma'aikatan masana'antu. Ma'aikatan da suka nemi haka ba ragwaye ba ne, su ne suka fi kowa sanin abin da doguwar rana take yi wa jiki. Bincike ya gaskata su daga baya. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago suka fitar da ƙiyasin cewa mutum 745,000 ne suka mutu a 2016 sakamakon shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya masu alaƙa da yin aikin awa 55 ko fiye a mako.

Wani zai ce, to ashe tilas ce kawai ta sa su, babu abin yabo ke nan, kewa ce ke ƙawata mana su. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. A zamaninsu ma akwai malalata da masu ha'inci, sai dai ba a cika ba jikoki labarinsu ba, kuma mutuwa takan rufe aibi. Amma ban yarda da ita duka ba. Tilas tana iya fitar da mutum gona kafin rana ta fito, ba ta iya sa shi ya miƙar da kunyar gona. Yunwa tana iya sa mutum ya kafa ƙofa, ba ita ce ke sa ya koma washegari ya duba ko ta zauna daidai ba, alhali an riga an biya shi. Kakana ba ya ajiye fartanya da ƙasa a jikinta. Komai gajiya sai ya kankare ta, ya wasa bakinta, ya duba ƙotar, ya jingine ta inda ruwa ba zai taɓa ta ba. Babu wanda ya sa shi, babu mai duba shi. Idan ya ce wa mutum aikinka zai kammalu ranar kaza, to ranar ce, ko da zai kai dare da fitila. Ya dasa itatuwa yana tsoho, ya san sarai ba zai sha inuwarsu ba, ya yi ta jigilar ruwa yana ba su a tsakiyar rani. Wannan ɓangaren babu hannun talauci a ciki. Hali ne, kuma shi ne abin da nake ganin ya cancanci a gada: ka gama abin da ka fara, ka kula da abin da ke hannunka, ka yi aikin da wani ne zai ci moriyarsa.

A nan ne nake jin mun yi asara ta gaske, kuma laifin ba na matasa kaɗai ba ne. Gwangwanin kakana ya fito ne daga duniyar da ake ƙera abu don a gyara shi. Yanzu ana liƙe batirin waya da gam, ana ɗaure na'ura da irin sukurun da babu mabuɗinsa a hannun kowa, sau da yawa kuɗin gyara ya kusa na sabo. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 kaɗai duniya ta zubar da tan miliyan 62 na tarkacen kayan lantarki, kuma abin da aka tattara aka sake sarrafawa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Abin ya kai har Faransa ta wajabta tun 2021 a riƙa manna wa wasu na'urori makin da ke nuna sauƙin gyaransu, Tarayyar Turai kuma ta zartar da dokar haƙƙin gyara a 2024. Abin da tsoho yake yi a bakin ƙofarsa da guduma, yau sai majalisa ta zauna a kansa. Yaron da aka haifa cikin kayan amfani-yar-da, ina zai koyi cewa ƙarfe ba ya mutuwa?

Sannan batun cewa matasa ba sa aiki, ni idona bai nuna mini haka ba. Kusan mutum biliyan 2 ne a duniya suke neman na kansu a ayyukan da babu takardar ɗauka, babu hutu, babu fansho, kuma matasa sun cika cikinsu. Mai kai saƙo a kan babur daga safe har dare, da yarinyar da ke tsaye awa goma a bayan kantar shago, guminsu gumi ne. Bambancin shi ne kakana idan yamma ta yi yana iya juyawa ya ga iyakar inda ya nome. Aikinsa yana da fuska, kuma sunansa yana jikinsa. Da yawa daga ayyukan yau ba a ganin ƙarshensu, ba a san wanda ya yi su ba, gobe kuma a iya sallamar mutum da saƙon waya. Yana da wuya ka ƙaunaci aikin da bai san da kai ba. Wanda yake son matashi ya yi aiki irin na kakansa, sai ya fara da ba shi aikin da zai iya nunawa ya ce ni na yi, ya kuma biya shi haƙƙinsa kafin guminsa ya bushe.

Ba zan wuce ban ambaci kakata ba, domin hirar jaruntar kakanni takan tsallake matansu. Idan shi ya riga alfijir tashi, ita ta riga shi. Ruwan da ya wanke fuska da shi ita ta ɗebo, kuma bayan ya jingine fartanya ya miƙe ƙafa, ita da sauran aiki a gabanta. Har yau Ƙungiyar Ƙwadago ta ƙiyasta cewa kusan kashi uku cikin huɗu na aikin kula da gida da ba a biya, mata ne ke yin sa. Duk tsohon da muke yaba wa ƙwazo, akwai wadda ta riƙe masa ɗaya gefen jinkar.

Idan na tambayi kaina ta yaya wannan hali ya shiga jikin waɗanda ya shiga, sai in ga ba ta hanyar wa'azi ba ne. Kakana bai taɓa zaunar da ni ya yi mini lacca a kan muhimmancin aiki ba. Cewa yake yi, "Zo riƙe min nan." Ina riƙe katako yana zarto, ina miƙa guduma, ina kallon yadda yake auna abu sau biyu kafin ya yanke. Idan na yi aikin ganin ido, ba ya faɗa, sai ya warware ya ce mu sake. Wannan zaren ne ya tsinke. Tun wajen 2007 mazauna birane suka zarce na karkara a duniya, aiki ya bar gida ya koma ofis da masana'anta, 'ya'ya suna ganin uba ya fita ya dawo a gajiye amma ba su taɓa ganin abin da hannunsa yake yi ba. Jikoki da yawa kuma sai a waya suke jin muryar kakansu. Mu da muke tsakiya, mu ne muka ga tsofaffin da idonmu, kuma mu ne muke saurin kiran mai gyara ko sayen sabo, sannan mu juya mu ce yara ba su iya komai ba.

Da aka raba kayan kakana, gwangwanin ne ya faɗo hannuna, don babu wanda ya nema. Kwanakin baya ƙafar wata kujera ta saki a gidana. Har na ɗauko waya zan kira kafinta, sai na ajiye, na kira 'yata mai shekara tara na ce ta zo ta riƙe min. Muka zazzage ƙusoshin a ƙasa, ta zaɓi wata mai tsatsa da ba ta gama miƙewa ba, na nuna mata yadda ake mirgina ta a kan dutse. Bugun farko ta ƙara lanƙwasa ta, na biyu ya sami gefen yatsanta, ta yarfe hannu idonta ya ciko. Na ce ta bari in ƙarasa. Ta ce, "A'a Baba, bari in sake."