Zangarniya ɗari ba gwaji ɗari ba ce

Ɗalibai da dama a Damagaram sun ɗauka yawan awo shi ne ƙarfin bincike. Sai a zuba taki a gona guda a Mirriya, a bar wata haka nan, a auna zangarniyar hatsi 100 a kowace, a ce samfuri 200 aka samu. Ina! Biyu ne kacal. Zangarniyoyin gona ɗaya ƙasarsu ɗaya, ruwansu ɗaya, alhali lissafin ƙididdiga yana ɗaukar kowane awo mai zaman kansa ne. In wannan fadama ce waccan jigawa, ta yaya za a gane aikin takin? Tun shekarun 1920 masanin ƙididdiga Ronald Fisher ya nuna mafita a cibiyar binciken noma ta Rothamsted da ke Ingila: a yanka gona fegi-fegi da yawa, ƙuri'a ta zaɓi waɗanda za a sa wa taki, sannan a kwatanta fegi da fegi.