Alhaji Ɗan Rakiya

Ƙarƙashin wani dogon yaro kusa da ma'aikatar magajin garin Maraɗi Mushe ke kafa teburinsa. Tsohon malamin lakwal ne, yanzu cika wa mutane takardu yake yi. A gefensa akwai Buzu mai shayi, wanda ba a taɓa neman ra'ayinsa ba, shi kuma bai taɓa hana kowa shi ba. Ana nan da hantsi sai ga Alhaji da buhun leda cike da takardu, Hajiya na biye tana fifita da gefen gyale.

ALHAJI: Mushe, ina kwana, ina gajiya? Ɗan aiki na kawo maka. Kanada za ni da iyali. Cika mini takarda kahin azahar, ina da kaya a tasha.

MUSHE: Azahar ta wace shekara?

HAJIYA: Ka ji ko? Ni fa Mushe ban so tafiyar nan ba. An ce idan ka watsa ruwa sama, ƙanƙara ke faɗo maka a ka.

ALHAJI: Ke dai ki yi shiru, maza na magana. Mushe, mu biyar ne.

MUSHE: To, mu hwara da faspo. Kai ɗan Nijar ne?

ALHAJI: Gaba da baya. Kakana tare da Ɗan Kasawa sunka zo garin ga.

MUSHE: Hajiya fa?

HAJIYA: 'Yar Jibiya ce ni, jihar Katsina.

ALHAJI: Ai duk ɗaya ne. Da hantsi nake tashi nan in sha furar rana gidansu.

MUSHE: Ga fura ɗaya ne, ga takarda ƙasa biyu ne. Kai naka faspo daga Yamai zai hito. Ita nata kore ne, na Najeriya, kuma ba a yi mata shi sai da lambar nan tasu ta NIN. Da can ko banza kuna da tambari guda na Sedeyawo, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma. Tun 29 ga Janairun 2025 Nijar ta hita, mu yanzu na AES, ƙawancen ƙasashen Sahel, ake yi muna, kodayake tsohon yana aiki har wa'adinshi ya cika.

BUZU: Aure na nan, ƙungiya ta mutu.

MUSHE: Ɗiyan fa, ina anka haihe su?

HAJIYA: Na fari a Jibiya, gida na je goyon ciki. Ta biyu a nan Maraɗi. Autan kuwa...

ALHAJI: Autan a hanya.

MUSHE: Wace hanya?

HAJIYA: Ka tuna 2023, lokacin da aka rufe iyaka? Na je biki gida, hanya ta toshe, cikina ya tsufa. Muka biyo daji a kabu-kabu. Tsakanin Magama da Ɗan Isa naƙuda ta kama ni.

MUSHE: Ƙarƙashin iccen wace ƙasa?

HAJIYA: Mushe, a wannan halin kana ganin taswira na tsaya dubawa?

BUZU: Ku tambayi mai kabu-kabu a ina ya sha mai na ƙarshe.

MUSHE: Ƙasa ba ita ce matsala ba. Ɗan da ubanshi ɗan Nijar ne, na Nijar ne. Kundin mulkin Najeriya na 1999 kuma ya ce in ɗaya cikin iyaye nasu ne, yaro nasu ne ko ina anka haihe shi. Tun 2014 dokarmu ma ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu. Abin da babu shi ne takardar haihuwa. Tunda lokaci ya wuce, sai kotu, da shaidu, alƙali ya yi muku jujma, takardar da ke maye gurbin ta haihuwa.

ALHAJI: Yaron da ke yawo yana cinye mini ƙuli-ƙuli, sai alƙali ya tabbatar an haihe shi?

Mushe bai amsa ba. Ya zazzage buhun a kan tebur, ya gyara tabarau, ya jera takardu biyu kusa da juna. Ya daɗe yana kallo.

MUSHE: Hajiya, ki yi haƙuri da tambayar ga. Aurenki nawa?

HAJIYA: A'uzu billahi! Ɗaya mana!

MUSHE: Ga takardar na fari, ta Jibiya: uba, Usman Abubakar. Ga ta ta biyu, ta Maraɗi: uba, Ousmane Boubacar. Ga wanda ke zaune Otawa yana duba kwamfuta, maza biyu ne.

ALHAJI: Wane ne Usman Abubakar?

HAJIYA: Kai ne mana, Alhaji!

ALHAJI: To ya yi sa'a.

MUSHE: Ita ma Zainab take can, Zeinabou take nan. Gida ɗaya, iyaye huɗu. Ko a gyara rubutun ya zama iri ɗaya, ko a yi takardar rantsuwa cewa mutum guda ne. Amma ga abin daɗi: Kanada na karɓar Ingilishi, tana karɓar Faransanci. Takardunka da nata duk ba su buƙatar tafinta. Sai wagga.

ALHAJI: Ta aure ce. Liman da kanshi ya rubuta ta da ajami.

MUSHE: Ita sai an fassara. Kana wurin ranar da anka ɗaura?

ALHAJI: Ina Kwatano, kayana sun maƙale a tashar jirgin ruwa. Yayana ya karɓa mini.

MUSHE: Ke fa?

HAJIYA: Ina ɗaka ana sa mini lalle. Wace amarya ke zuwa ƙofar masallaci? Baffana ne waliyyi.

MUSHE: Inna lillahi. Tun 2015 hukumar shige da ficen Kanada ba ta lissafa auren da anka ɗaura ɗayan ma'aurata ba ya wurin.

ALHAJI: Sadaki na biya! Goro ƙwarya biyu! Maroƙi ya yi shela har muryarshi ta dushe!

MUSHE: Kwantar da hankalinka, akwai ƙofa. In kun nuna shaidar kun zauna gida ɗaya wata 12 a jere, suna ɗaukarku abokan zama.

Shiru ya ɗan ratsa. Har Buzu ya dakata da ɗaga buta.

HAJIYA: Wato auren da liman ya shafa wa fatiha ba su sani ba, amma zaman dadiro sun sani?

BUZU: Shekara goma sha biyu kuna zaman kanku, ba ku gayyace mu ba.

ALHAJI: Buzu, in ka ƙara magana sai na biya ka bashin shayinka in daina zuwa.

BUZU: Na yi shiru. A'a, tsaya, me ka ce?

MUSHE: Saura takardar shaidar rashin laihi. Duk ƙasar da mutum ya zauna wata 6 a jere cikin shekara 10 da sunka wuce, sai ya kawo tata, kuma suna iya neman ta duk inda ya zauna tun yana ɗan shekara 18. Hajiya biyu: ta 'yan sandan Najeriya da kaziye ta nan. Kai fa?

ALHAJI: Nijar. Benin. Da ɗan zaman da na yi Sabha ina saurayi.

MUSHE: To har Libiya.

ALHAJI: Wa zan tambaya can? Wanda na yi wa aiki ma har yau nemana yake.

MUSHE: Wannan kada ka faɗe shi da ƙarhi. Bayan nan gwajin lahiya wurin likitan da su sunka zaɓa, ba naka na unguwa ba, kuma shekara guda yake aiki. Sai hoto da zanen yatsu: dala 85 mutum guda, iyali gaba ɗaya ba ya wuce dala 170.

ALHAJI: Alhamdu lillahi, yau na ji magana mai daɗi! Ko jika guda ba ta kai ba. Buzu, kana da canji?

MUSHE: Dalar Kanada, Alhaji. Ba dalarmu ta tamma biyar ba.

Alhaji ya mayar da takardar jikar aljihu a hankali, kamar mai kwantar da jinjiri.

MUSHE: Yanzu ga babbar magana. Tsarin da kake so, na ma'aikata, da maki yake tahiya: shekaru, karatu, harshe, sanin aiki. Yaushe anka haihe ka?

ALHAJI: Ga shi nan a rubuce. Ɗaya ga Janairu.

BUZU: Ni ma. Da babana. Da raƙuminmu.

MUSHE: Takardar cewa ta yi "wajen 1976". Maki mahi yawa na 'yan 20 zuwa 29 ne, daga 45 kuwa sihiri. Karatu?

ALHAJI: Na yi aji uku, kai ka kore ni.

MUSHE: Na tuna, kuma ban yi nadama ba. Faransanci?

ALHAJI: Bonjur. Kombiyan. Se tro sher.

MUSHE: Jarrabawar Faransanci ta TEF ko TCF ta wuce ciniki. Hajiya?

HAJIYA: An haife ni 1993. Na yi makarantar ungozoma a Katsina, na yi aiki kafin aure, yanzu ma ina yi.

MUSHE: To ga mai takarda. Ta zauna jarrabawar Ingilishi ta IELTS, a aika shaidar karatunta a tantance, a nuna kuɗɗi a banki da za su riƙe mutum biyar. Sunanta ke sama. Kai sai ka shiga layin ƙasa, tare da ɗiya.

ALHAJI: Layin me?

MUSHE: Masu rakiya.

ALHAJI: Ni? Mai shago uku a babbar kasuwa? In shiga jirgi a matsayin kayan Hajiya?

BUZU: Kilo 23 ake yarda. Sai ka rage tuwo.

HAJIYA: Ni dai na ce a bar tafiyar nan. Sanyi, ga nisa da Inna.

Ta juya tana amsa waya. Alhaji ya ja kujera, ya sunkuya kusa da kunnen Mushe, ya yi abin da shi a ganinsa raɗa ce. Masu sayen kati a tsallaken titi sun ji.

ALHAJI: To in mun zauna can, yarinyar nan ta Tibiri da na kai wa goro, yaushe za ta biyo?

MUSHE: Ba ta biyowa. Mace guda suka sani, ta fari. Ƙara aure can laihi ne, sashe na 293 na dokar laihukansu, har ɗaurin shekara biyar.

HAJIYA: Wace yarinya ta Tibiri?

ALHAJI: Goron... na sadaka ne.

HAJIYA: Mushe, maimaita mini lambar nan.

MUSHE: 293.

Ta rubuta a tafin hannu. Ta ajiye jaka a kan tebur, ta ja kujerar da Alhaji ya taso daga kai, ta zauna.

HAJIYA: Cika takarda. Sa sunana sama, Zainab, da rubutun Jibiya.

ALHAJI: Hajiya, ki yi tunani. Sanyin nan fa ba wasa ba ne. Ƙanƙara daga sama. Ga nisa da Inna.

HAJIYA: Akwai rigunan sanyi a gwanjo. Buzu, zuba wa ɗan rakiyata shayi, ni zan biya.