Ku gyara abin da ke cikin kofi: magana ga masu wuraren shan lemo na dare a Bauchi

Duk wanda ya bi ta GRA ko Ahmadu Bello Way ko ɓangaren Yelwa bayan sallar isha'i ya san garin nan ya canza. Da can hirar dare ba ta wuce bencin mai shayi da tukubar mai tsire. Yanzu ga wuraren zama sun cika gari, fitilu kala-kala, kujeru masu laushi, da allo mai ɗauke da sunayen moktel, wato haɗaɗɗen lemo marar giya. Wannan abin farin ciki ne, domin matasa sun samu aiki, iyali ma sun samu inda za su sha iska. Damuwar ita ce kuɗin duk ya tafi ga fitila da fenti, abin da ake zuba wa mutum a kofi kuwa sukari ne da kala da filebo. Bauchi garin shari'a ne tun 2001, giya ba ta cikin lissafinmu, saboda haka ɗanɗano kaɗai ne zai dawo da mutum gobe.

A fara da awo. Mai haɗa lemon da ke zuba kaya da ido, yau zai yi daɗi, gobe ya yi salam, jibi ya yi zaƙin da ke ƙona maƙogwaro. Cokalin cin abinci ɗaya mililita 15 ne, wannan ya isa ma'auni ga wanda bai sayi na ƙarfe ba. Tsarin da ba ya ba da kunya shi ne: cokali 4 na jigon lemon (zoɓo mai kauri, ko ruwan tsamiya, ko na abarba), cokali ɗaya da rabi na lemun tsami, cokali ɗaya da rabi na ruwan sukari. Idan jigon da kansa mai tsami ne kamar tsamiya, a rage lemun tsamin zuwa rabin cokali. A rubuta wannan a manna a bango, yaron da ya zo aiki jiya ya haɗa daidai da na maigida.

Kuma a daina zuba garin sukari cikin abu mai sanyi. Ba ya narkewa, ƙasan kofi yake kwanciya, kurɓin farko tsami, na ƙarshe alewa. A dafa ruwan sukari tun da rana: kilo ɗaya na sukari a lita ɗaya ta ruwa, a ɗora a wuta har ya narke kawai, kada a bari ya yi ja. Ya huce, a ɗura a kwalba mai tsabta, zai yi makonni a firji. A cikin wannan ruwan ake dafa citta ko kanumfari ko masoro idan ana son ƙamshinsu, sai a tace. Kanumfari dai a yi masa hankali, ƙwaya 6 zuwa 8 sun ishi lita guda, fiye da haka harshe zai yi nauyi kamar an sha maganin haƙori.

Yanzu zoɓo, wanda shi ne aka fi zalunta. Ana ganin abin gida ne, sai a jibga shi a tukunya a bar shi yana tafasa awa guda, ya fito da bauri da ƙaurin dahuwa. Ba ya bukatar haka. A wanke shi sau biyu da ruwan sanyi saboda yashi, a tafasa ruwa a sauke, a zuba zoɓo kamar giram 60 a kowace lita, a rufe minti 20, a tace da kyalle. Launin zai fito ja garau, tsamin kuma mai tsabta. Masu jefa kanwa don kashe tsami suna kashe lemon ne gaba ɗaya: launi ya koma baƙi-baƙi, ɗanɗano ya mutu, sai a bi da kala da filebo don a rufe ɓarnar. Tsamin nan shi ne dukiyar zoɓo, da sukari ake daidaita shi. Kada kuma ya kwana a tukunyar dalma, domin tsami na cin dalma, yana ɗauko ɗanɗanon ƙarfe. Ɗan gishiri, abin da yatsu biyu za su tsinta a lita, yana fito da zaƙi ya kwantar da bauri. Mutane kaɗan ne suka san wannan.

Lemun tsami a matse shi ranar da za a sha. Wanda ya kwana ɗaci yake yi, na kwalba kuwa ba ma a maganarsa. Na'a-na'a ba a daka ta a turmi ko a sa ta a injin markaɗe, ɗaci take saki. A tafa ganye 8 zuwa 10 a tafin hannu a jefa. Ɗanyar abarba da madara ba sa jituwa, in suka jima tare sai madarar ta tsinke ta yi ɗaci, haka ma zoɓo da madara. Lemo mai gas shi ake zubawa a ƙarshe, da sanyinsa, a juya sau ɗaya. Wanda ya girgiza shi ya fitar da abin da aka biya kuɗi dominsa.

Maganar da ta fi kowace nauyi ita ce ƙanƙara. Ƙanƙara iri biyu ce, kuma haɗa su ganganci ne. Akwai bulon da ake saya don sanyaya kwalabe a kula, wanda ba wanda ya san ruwan da aka yi shi da shi, an kuma ja shi a ƙasa an lulluɓe da buhu. Akwai wadda za ta shiga cikin mutum. Sanyi ba ya kashe ƙwayar cutar taifot ko ta kwalara, ajiye ta kawai yake yi, kuma mutanen jihar nan ba su manta da abin da amai da gudawa ya yi a 2021 ba. Ƙanƙarar kofi dole ta fito daga ruwan da kai da kanka za ka ba ɗanka, a firizarka, a mazubi mai murfi, nesa da kaza da kifi, a ɗebe ta da ludayi ba da hannun da ya karɓi kuɗi ba. Ta fuskar daɗi ma haka ne. Girgiza ta daƙiƙa 10 zuwa 15 tana ƙara wa lemo ruwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu, shi ya sa jigon yake bukatar kauri tun farko. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kusantar digiri 40, ƙananan gutsattsari kan narke kafin kofi ya isa tebur. A yi manya, a cika kofin da su taf. Ƙanƙara mai yawa ta fi ƙanƙara kaɗan jinkirin narkewa.

Kunun aya kuwa amana ne. A jiƙa busasshiyar aya ta kwana, a wanke sosai, a markaɗa da dabino da kwakwa, a tace, a kai shi sanyi nan take. In wuta ta ɗauke na 'yan awanni zai fara tsami da yauƙi, kuma babu sukarin da zai gyara shi. Wanda ba shi da sola ko janareta mai riƙe firiza, ya yi kaɗan wanda zai ƙare a daren, ko ya cire shi daga allo.

Abin da ke ba da takaici shi ne ana sayen ruwan sukari mai launin shuɗi daga waje da tsada, alhali Kasuwar Muda Lawal da ta Wunti cike suke da tsamiya, garin ƙwamen kuka, goruba, kankana, mangwaro a lokacinsa, da citta. Tsamiya da citta da ɗan barkono kaɗan a kan ƙanƙara, ko kuka da madara da zuma, sun fi duk wani shuɗin ruwa, kuma baƙon da ya sauka a hanyarsa ta zuwa Yankari abin da zai tuna ke nan. Da hunturu ma, a Disamba da Janairu, ba wanda ke neman ƙanƙara ƙarfe goma na dare. A ba shi zoɓo da zafinsa da kanumfari, ko shayin citta da lemun tsami.

Sai wurin kansa. Yawancin wuraren nan a tsakiyar gidajen mutane suke. A rage kiɗa lokacin kiran salla, a rage shi kuma in dare ya yi nisa, a kai janareta baya a killace shi. A sa haske a ƙofa da inda ake ajiye mota da babur, a ware wurin da magidanci zai zauna da iyalinsa ba tare da hayaƙin shisha ya biyo su ba. Kofuna kuma a wanke su a roba uku, ta sabulu, ta ɗauraya, ta ruwan zafi, a kife su bushe da kansu. Tawul ɗin da aka goge tebur da shi kada ya kusanci bakin kofi.